Kapodistrias na Girka: mai ceton ƙasa ne ko mai mulkin danniya?

Malam Sani Zariya:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tunda wannan makon na tarihin Turai ne, ga mutumin da na kawo: Ioannis Kapodistrias, shugaban Girka na farko bayan ta ɓalle daga Daular Usmaniyya. An haife shi a 1776 a tsibirin Korfu, lokacin tsibirin yana hannun Venis, domin Turkawa ba su taɓa mulkar Korfu ba. Ɗan gidan sarauta ne. Likita ya karanta a Padua ta Italiya, ya dawo gida yana duba marasa lafiya. Da aka kori Faransawa daga tsibiran a 1799, aka kafa wata 'yar jamhuriya ta tsibirai bakwai a 1800, ya zama sakataren gwamnatinta yana matashi. A 1807 Napoleon da Sarkin Rasha suka yi sulhu a Tilsit, tsibiran suka koma hannun Faransa, shi kuma a 1809 ya kama hanyar Rasha ya shiga aikin diflomasiyya wajen Sarki Alexander na ɗaya. Daga 1816 zuwa 1822 shi da Nesselrode ne ke riƙe da ma'aikatar harkokin wajen Rasha. A 1827 majalisar Girkawa ta zaɓe shi gwamna na shekara bakwai. Bai kai ƙarshensu ba, a 1831 aka kashe shi a ƙofar coci, kuma Girkawa ne suka kashe shi.

Tambayata: wa ya fi laifi, shi ko su?

Abba Ɗan Kurmi:
Wa alaikumus salam Malam. Wannan ai ba abin tambaya ba ne. Mutum ya bar kujerar minista a babbar daula, ya zo ƙasar da babu ko sisi a baitulmali, ya ƙi karɓar albashi, ya zuba dukiyarsa a ciki, sannan a harbe shi yana shiga wurin ibadarsa. Butulci kenan, babu wani suna.

Barista Hauwa:
Yaya Abba, a hankali. Ƙin karɓar albashi ba ya wanke mutum daga komai. Majalisar da ta zaɓe shi a Troezen ita ce ta rubuta kundin tsarin mulki a shekarar nan ta 1827, kundin da ya ce iko na al'umma ne. Da ya sauka a watan Janairun 1828, cikin 'yan makonni ya sa aka jingine kundin, majalisa ta rushe kanta, ya kafa kwamitin mutum 27 mai suna Panhellenion wanda aikinsa ba da shawara kawai. Kundin da ya kawo shi kan kujera shi ya fara naɗewa ya ajiye. Wannan shi ne aikinsa na farko, kafin makaranta, kafin kuɗi, kafin komai.

Usman Maraɗi:
Malam Sani, kafin a yi nisa. Ni abin da ban gane ba, yaya lokotoro daga ƙaramin tsibiri ya zama ministan Rasha? Babu 'yan Rasha ne?

Malam Sani Zariya:
Malam Usman, a wancan zamani sarki ake yi wa aiki, ba a tambayar fasfo. Shi kansa Nesselrode asalinsa Bajamushe ne. Faransanci ne harshen ofis, kuma Girkawa da Rashawa cocinsu ɗaya, Otodoks. Abin da ya ɗaga shi kuwa Suwizalan ce. A ƙarshen 1813 Alexander ya tura shi can, ƙasar tana neman wargajewa bayan Napoleon, kowace gunduma na jan nata. Ya zauna da su har aka kai ga yarjejeniyar tarayya ta 1815, kuma manyan ƙasashe suka amince Suwizalan ta zama 'yar ba-ruwanmu. Birnin Lozan ya ba shi takardar zama ɗan gari ta girmamawa. Ya halarci taron Biyana na 1814 zuwa 1815, inda ya zama ƙashin kifi a wuyan Metternich, ministan harkokin wajen Austiriya. Metternich yana son a danne duk wani motsi na neman tsarin mulki a Turai, shi kuma Kapodistrias yana jan kunnen Alexander zuwa ɗaya ɓangaren.

Barista Hauwa:
Madalla, Malam ya kawo mini hujja da kansa. A Suwizalan ya iya zama da gundumomi masu rigima ya saurare su wata da watanni. A Turai an san shi da goyon bayan tsarin mulki. Ya zo ƙasarsa ya ce mutanensa ba su kai ba. Me ya sa haƙurin da ya yi da mutanen Bern ta Suwizalan bai yi shi da mutanen tsibirin Hydra na Girka ba?

Abba Ɗan Kurmi:
Saboda mutanen Bern ba su riƙe da bindiga a teburin taro, Barista. Ki duba me 'yan majalisar nan suka yi kafin zuwansa. Ana tsaka da yaƙi da Turkawa suka juya suka yi yaƙin basasa har sau biyu, tsakanin 1823 da 1825. Kolokotronis, babban kwamandansu, kama shi suka yi suka kulle a Hydra, an kashe ɗansa Panos. Wani kwamandan, Androutsos, a tsare yake a Akropolis, tudun ganuwar Atina, aka kashe shi. Sannan kuɗi: sun ci bashin fam 800,000 a Landan a 1824, da fam miliyan 2 a 1825. Tun a can dillalai da masu banki suka yanke kaso mai tsoka, abin da ya iso gida kuma da shi aka biya sojan yaƙar juna. Ni ɗan kasuwa ne, in na ba yaran shago jari sau biyu suka cinye suna dambe da juna, karo na uku makullin a aljihuna zai kwana.

Baba Alhaji Isa:
Yara, kuna ta magana kamar Girkawa da Turawa ne kaɗai a labarin. Wannan tawaye ne aka yi wa Sarkin Santambul, Sultan Mahmud na biyu. A 1821 da suka ci Tripolitsa, dubban Musulmi da Yahudawa aka karkashe, maza da mata da yara. Wannan ba a cika faɗa ba.

Ummu Khalil:
Gaskiya ne Baba, an yi haka. Amma a faɗa duka: a watan Afrilun 1821 an rataye shugaban cocin Otodoks, Gregory na biyar, a ƙofar fadarsa a Santambul ranar idinsu, alhali ya riga ya la'anci tawayen. A 1822 kuma sojan Usmaniyya suka yi wa tsibirin Kiyos kisan kare dangi, suka kwashi dubbai suka sayar bayi. Jini ya zuba ta ko'ina. Shi dai Kapodistrias ba ya wurin ko ɗaya, yana aikin Sarkin Rasha.

Baba Alhaji Isa:
Allah Ya yi miki albarka, haka ne. To amma hannunsa fa? Ba shi ya kitsa ba daga can?

Malam Sani Zariya:
Baba, nan ne labarin ya fi daɗi. Ƙungiyar asirin da ta shirya tawayen, Filiki Eteria, a Odesa aka kafa ta a 1814. Sun zo masa da tayin shugabanci ya ƙi, suka sake dawowa a 1820 ya sake ƙi. Ganinsa lokaci bai yi ba, a fara da ilimi. Shi ya sa tun a Biyana ya taimaka aka kafa ƙungiyar tallafa wa ɗaliban Girka. Da ya ƙi sai suka ba Alexander Ypsilantis, wani hafsan sojan Rasha, wanda ya tsallaka kogin Prut a farkon 1821. Labarin ya iske Sarkin Rasha yana taron Laibach, Metternich na gefensa. Sarki ya barranta daga Ypsilantis, ya cire shi daga soja, kuma Kapodistrias, a matsayinsa na minista, aka sa ya tsara wasiƙar. Ku yi tunanin Bagirke yana zaune yana zaɓen kalmomin da za a yi tir da tawayen Girkawa.

Bayan rataye shugaban cocin Kapodistrias ya yi ta tura Sarki ya yaƙi Turkiyya. Alexander ya ƙi, Metternich ya yi nasara. A 1822 Kapodistrias ya ɗauki hutu ya koma Jeniba, ya yi shekaru a can yana haɗa kuɗi da agaji tare da abokinsa Eynard, wani mai banki. Saboda haka amsar Baba: bai kunna wutar ba, amma da ta kama bai zuba mata ruwa ba.

Musa Mai Wurno:
Gaisuwa daga Sudan. Ina so in ƙara wani abu. Wanda ya kusa murƙushe Girkawa ba sojan Santambul ba ne, Ibrahim Pasha ne, ɗan Muhammad Ali na Masar, ya sauka a kudancin Girka a 1825. Wannan Muhammad Alin shi ne ya turo ɗaya ɗan nasa Isma'il ya ci Sudan a 1820 zuwa 1821. Gida ɗaya ne ke yaƙi a nan da can. Da ba don jiragen Ingila da Faransa da Rasha sun nutsar da rundunar ruwan Masar da Turkiyya a Navarino ranar 20 ga Oktoban 1827 ba, da Kapodistrias bai sami ƙasar da zai sauka ba.

Ummu Khalil:
Kuma labarin yaƙin ya iso har ƙasar Hausa a lokacin. Baturen nan Clapperton ya rubuta cewa da ya je Sakkwato a 1824, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya tambaye shi batun Girkawa, ko wasu Kiristoci sun shigar musu. Shi kuma ya kauce wa maganar.

Usman Maraɗi:
Ikon Allah! Babu rediyo babu waya.

Ummu Khalil:
Akwai fatake da alhazai, Malam Usman.

Ɗan Bakin Kasuwa:
Wallahi wannan labarin sak irin na wani shugaba da muka yi a nan, in kun gane kun gane 😂

Mai Kula da Zaure:
Ɗan'uwa, dokar zaure tana nan. Ba a kawo siyasar gida. A ci gaba da Girka.

Abba Ɗan Kurmi:
To a koma kan aiki. Barista, ga abin da ya yi cikin ƙasa da shekara huɗu, ki faɗa mini wace majalisa ta yi rabinsa. Ya buga kuɗin ƙasa na farko, phoenix, a tsibirin Egina a 1828. Ya kafa banki. Ya buɗe makarantar hafsoshin soja a garin Nafplio, makarantar da har yau tana nan ko da ta koma kusa da Atina. Gidan marayu a Egina, domin yaƙi ya bar yara barjat a titi. Makarantun firamare irin waɗanda manyan ɗalibai ke koyar da ƙanana, saboda malamai ba su isa ba. Makarantar aikin gona a Tiryns. Annoba ta ɓulla, da yake likita ne ya killace wuraren da ta kama. 'Yan fashin teku sun hana jiragen kasuwa sakat, ya tura Miaoulis, kwamandan jiragen yaƙi ɗan Hydra, ya share su. Talakawan ƙauye Barba Yannis suke kiransa, kamar a ce kawu.

Usman Maraɗi:
Ni labarin dankali na taɓa ji. Wai ya kawo dankalin Turawa mutane suka ƙi karɓa kyauta, sai ya sa aka jibge shi a bakin tashar jirgi aka sa masu gadi, ya ce su kau da kai. Mutane suka ce lallai abu mai daraja ne, suka sace shi tas suka shuka.

Malam Sani Zariya:
Hikaya ce, Malam Usman. Irin wannan labarin ana ba da shi a kan Parmentier a Faransa da Sarki Frederick a Prusiya. Cewa ya ƙarfafa noman dankali, wannan haka yake.

Barista Hauwa:
Yaya Abba, ban musa ko ɗaya a jerinka ba. Ga nawa jerin. Ya ɗauko 'yan'uwansa na jini biyu daga Korfu, Viaros da Augustinos, ya ba ɗaya harkokin jiragen ruwa da tsaro, ɗaya ya ɗora shi kan sojojin yankin tsakiya, mutumin da ba soja ba, bisa kan waɗanda suka yi shekara bakwai suna zub da jini. Ya cika ofisoshi da mutanen tsibiransu. Ya kafa 'yan leƙen asiri, ana buɗe wasiƙun mutane. Jaridar adawa, Apollon, wadda Polyzoidis ke bugawa, an hana ta fita a Nafplio, sai Hydra ta gudu. Korais, dattijon malamin Girkawa da ke zaune a Faris, wanda ba shi da jirgi ba shi da gona a Girka, shi ma ya kira shi azzalumi. To shi me ya rasa da zai yi masa ƙarya?

Kuma in ce maka, ba tsantsar son kai ne ya tayar da mutanen Hydra ba. Gidaje irin na Kountouriotis jiragensu na kasuwa suka mayar na yaƙi, dukiyarsu ta ƙare a teku. Sun nemi diyya. Na yarda baitulmali babu, amma akwai yadda ake gaya wa mutum babu ya tafi da mutuncinsa. Shi kallon ɓarayi yake yi musu, kuma bai ɓoye ba.

Abba Ɗan Kurmi:
Ai wasunsu ɓarayin ne.

Barista Hauwa:
Wasunsu. Amma ɓarayin da ba ka da sojan da za ka kama su, dole ka zauna da su. Wannan ai aikinsa ne na asali, jami'in diflomasiyya. Ya iya lallaɓa sarakunan Turai, ya kasa lallaɓa dattawan yankin Mani na kudancin Girka.

Malam Sani Zariya:
A nan ina ganin Barista ta taɓa wurin. A waje gwani ne, babu musu. Ingila ta so a yi ƙaramar Girka, kudancin kawai da 'yan tsibirai, tana biyan haraji ga Santambul. Shi ya ci gaba da tura soja arewa don a tarar da ƙasar a hannunsu lokacin zana iyaka, har yaƙin ƙarshe a Petra a watan Satumban 1829. Faransa ta turo runduna ƙarƙashin Janar Maison a 1828 ta raka sojan Masar waje. Rasha ta ci Turkiyya da yaƙi aka yi sulhun Adrianople a 1829. Ranar 3 ga Fabrairun 1830 aka sa hannu a Landan cewa Girka ƙasa ce mai cikakken 'yanci, sai dai an rage mata iyaka. Iyakar da ya yi ta nema, daga Arta zuwa Volos, an ba da ita a 1832, ya riga ya mutu.

Amma akwai wani abu da ba ku ambata ba, kuma a ganina shi ne tushen rigimar: gonaki. Filayen da Turkawa suka bari sun zama na ƙasa. Shi yana so a raba wa manoma marasa gona, ya gina ƙasa a kan ƙananan manoma. Masu faɗa-a-ji na karkara, waɗanda tun zamanin Turkawa su ke tara haraji, sun sa ido a kan filayen nan. Sannan an riga an jinginar da su wajen cin bashin Landan. Bai iya raba su ba, amma niyyar kaɗai ta isa ta haɗa masa maƙiya. Don haka in sun ce kundin tsarin mulki, wasu da gaske suke, wasu gona suke nufi.

Musa Mai Wurno:
Malam, batun Yarima Leopold fa? An ce shi ya tsorata shi.

Malam Sani Zariya:
Manyan ƙasashe sun ba Leopold, wani yarima Bajamushe, sarautar Girka a 1830, ya karɓa, sannan a watan Mayu ya janye. Kapodistrias ya rubuta masa wasiƙu yana zayyana talauci da matsalar iyaka da batun ya koma cocin Otodoks. Maƙiyansa suka ce da gangan ya yi don ya ci gaba da mulki. Masoyansa suka ce gaskiya ya faɗa, ba ƙari. Leopold dai ya sami Beljiyam a 1831.

Baba Alhaji Isa:
To yaya aka yi kisan?

Malam Sani Zariya:
Shekarar 1831 komai ya kwance, Baba. Hydra ta yi tawaye. Miaoulis, wanda ya share masa 'yan fashi, shi ya je Poros ya ƙwace jiragen yaƙin ƙasa. Kapodistrias ya nemi taimakon kwamandan jiragen Rasha, Ricord. Da Miaoulis ya ga an kewaye shi, sai ya tarwatsa babban jirgin, Hellas, a watan Agusta. Jirgin nan a New York aka ƙera shi da kuɗin bashin da Abba ya ambata.

A Mani kuma, yankin duwatsu ne da ko Turkawa ba su iya tanƙwara shi sosai ba, gidan Mavromichalis ke da iko, kuma sun rasa 'ya'ya da dama a yaƙin. Sun ƙi biyan haraji, sun ƙi sakin kuɗin fito. Kapodistrias ya kama babbansu, Petrobey, ya kulle a Nafplio. Ga mutanen Mani wannan cin mutunci ne da jini kaɗai ke wankewa. Ranar Lahadi 9 ga Oktoba da sassafe, wato 27 ga Satumba a tsohuwar kalandarsu, ya taho cocin Saint Spyridon da ƙafa, da 'yan rakiya biyu. Ƙanin Petrobey, Konstantinos, da ɗan Petrobey, Georgios, suna tsaye a bakin ƙofa. Ɗaya ya harbe shi a ka, ɗaya ya soka masa wuƙa a ciki. Mai gadin Kapodistrias, wani mutumin tsibirin Kirit mai hannu ɗaya, ya harbi Konstantinos, jama'a suka ƙarasa shi. Georgios ya ruga gidan jakadan Faransa, daga baya aka miƙa shi, kotun soja ta yanke masa hukunci aka harbe shi. Gurbin harsashi yana jikin bangon cocin har yanzu, an rufe shi da gilashi.

Abba Ɗan Kurmi:
Gidan jakadan Faransa! Barista kin ji ko? Me ya kai shi can in ba ya san za a buɗe masa ƙofa ba? Ingila da Faransa kallon ɗan koren Rasha suke yi masa tun ranar farko.

Barista Hauwa:
Na ji. Sun mara wa 'yan adawa baya, wannan a fili yake, kuma Girkawa da yawa har yau suna zarginsu. Amma sun miƙa shi. Kuma wanda aka kulle wa uba, ɗan Mani, ba ya buƙatar Bature ya koya masa ɗaukar fansa.

Abba Ɗan Kurmi:
To bayan sun kashe azzalumin, sai suka sami kundin nasu? Ƙaninsa Augustinos ya riƙe wata shida ya gudu da gawar zuwa Korfu, aka koma yaƙin basasa. Manyan ƙasashe suka kawo musu Otto, yaro ɗan shekara 17 daga Bavariya, da sojan Jamus da masu riƙon ƙwarya Jamusawa. Babu majalisa babu kundi har sai da soja suka tsaya a ƙofar fada a 1843. Yau kuwa jami'ar Atina sunansa take ɗauke da shi, haka filin jirgin Korfu, hotonsa na kan kwabon santi 20 na yuro na Girka. Ina sunan Hydra a jikin kuɗi?

Ummu Khalil:
Korais da ya kira shi azzalumi ya taɓa hawa takardar drachma, tsohon kuɗin Girka, shi ma, Yaya Abba. Girkawa ba su yar da ko ɗaya ba.

Barista Hauwa:
Kuma tunda ka kawo zamanin Otto, bari in ba ka wannan. Kolokotronis yana cikin manyan magoya bayan Kapodistrias. A 1834 Jamusawan suka gurfanar da shi kan cin amanar ƙasa, suna so a yanke masa hukuncin kisa. Alƙalai biyar ne. Biyu suka ƙi sa hannu, aka matsa musu da 'yan sanda a cikin kotu suka ƙi, har aka tuhume su su ma. Ɗaya Tertsetis ne. Ɗayan, wanda shi ne shugaban kotun, Polyzoidis ne, mai jaridar nan da Kapodistrias ya hana fita.

Abba Ɗan Kurmi:
An kashe Kolokotronis ɗin?

Barista Hauwa:
A'a. An mayar da hukuncin ɗauri, Otto ya sake shi a 1835.